Jiki Magayi: Kimiyyar Zaɓen Babur Don Doguwar Tafiya

Duk wanda ya tsaya da hantsi a Kwanar Babaldu, inda hanyar da ta taso daga Birnin Kudu take rabuwa, ɗaya ta nufi Ningi ɗaya kuma ta nufi Gwaram, zai ga babura suna wucewa ba ƙaƙƙautawa. Ga malamin makaranta da aka tura wani ƙauye a wajen Fagam, ga ma'aikacin lafiya ɗaure da akwatin allurar rigakafi, ga falke da zai ci kasuwar Sara, ga kuma magidancin da ya goyo mara lafiya zuwa Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Tsakanin Birnin Kudu da Gwaram akwai wajen kilomita 50, daga Birnin Kudu zuwa Kano kuwa fiye da kilomita 120. Wanda yake yin irin wannan tafiya sau uku ko huɗu a mako, babur ya zame masa wurin zama na sa'o'i masu yawa, shekara da shekaru.

Idan aka tashi sayen babur, abin da aka fi tambaya shi ne farashi, da shan mai, da kuma kyan gani. Da wuya a ji mai saye ya tambayi abin da baburin zai yi wa kwankwasonsa nan da shekara goma. Alhali kuwa jikin ne zai biya bashin zaɓen da ido ya yi. Wannan maƙala za ta duba zaɓen matsakaicin babur na doguwar tafiya ta fuskar ilmin halittar jikin ɗan Adam, tare da la'akari da irin hanyoyi da yanayin kudancin Jihar Jigawa.

Girman inji da sigar babur

Ana auna girman injin babur da faɗin cikin silindarsa, wato gurbin da mai da iska suke ƙonewa, kuma ma'aunin shi ne si-si. Si-si 1,000 daidai yake da lita ɗaya. Yawancin baburan da ake hawa a wannan yanki, irin su Bajaj Boxer da Jincheng da TVS, injinsu yana tsakanin si-si 100 da 150. A ƙasashen Turai da Amurka, abin da ake kira matsakaicin babur yakan fara daga wajen si-si 400 ya yi sama. A nan kuwa, wanda ya kai si-si 200 zuwa 350 ma matsakaici ne, domin ya ninka na yau da kullum.

Bayan girman inji akwai siga. Sigar da aka saba da ita ita ce wadda mahayi yake zaune a miƙe, ƙafafunsa suna ƙarƙashin cinyoyinsa. Akwai kuma wata siga da ake kira kuruza, wadda kamfanin Harley-Davidson na Amurka, da aka kafa a 1903, ya yi fice a kanta. Kuruza tana da sirdi mai faɗi wanda yake kusa da ƙasa, da dogon jiki, da matakan ƙafa da aka tura gaba, har mahayi ya yi kama da wanda ya kishingiɗa a kujerar falo. Kamfanonin Japan da Indiya sun ƙera matsakaitan irinta, kamar Honda Rebel 500 da Bajaj Avenger 220. Duk wanda ya gan ta zai ce ita ce uwar jin daɗi. To amma sai an tambayi gadon baya tukuna.

Gadon baya da yanayin zama

Ƙashin bayan mutum jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33: bakwai a wuya, goma sha biyu a bayan ƙirji, biyar a kwankwaso, sauran tara kuma sun haɗe a can ƙasa. A tsakanin masu motsi akwai fayafayan guringuntsi guda 23, kowanne da tauri a gefe da laushi kamar kamu a tsakiya. Su ne matasan da suke hana ƙashi gogar ƙashi. Jerin ba miƙaƙƙe ba ne kamar sanda. Yana da lanƙwasa, musamman a kwankwaso inda ya lotsa ciki, kuma wannan lanƙwasa ce take rarraba nauyi daidai a kan fayafayan.

Tun a shekarun 1960 wani likitan ƙashi ɗan ƙasar Suwidin, Alf Nachemson, ya fara auna matsin da yake cikin waɗannan fayafayai a jikin mutane masu rai. A 1999 Hans-Joachim Wilke da abokan aikinsa a Jamus suka sake awon da na'urori na zamani. Suka tarar cewa idan mutum ya zauna ya ranƙwafa sosai, matsin da ke kan faifan kwankwaso yana ƙaruwa da kusan kashi biyu cikin uku a kan na wanda yake tsaye. Wato illar tana tattare da zaman da yake goge lanƙwasar kwankwaso, ya mayar da baya kamar baka.

A nan ne matsalar kuruza take. Idan ƙafafu suka miƙe gaba, tsokar bayan cinya tana janyo ƙashin ƙugu ya kife baya, sai lotsawar kwankwaso ta ɓace. Idan kuma kan baburin yana da nisa, sai mahayi ya miƙa hannu ya ƙara ranƙwafawa. Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. Mahayin da ƙafafunsa suke ƙarƙashinsa, da ya hango rami zai iya dafa matakai ya ɗan ɗaga ɗuwawu daga sirdi, gwiwoyinsa su shanye bugun, kamar yadda mahayin doki yake tashi a kan likkafa lokacin sukuwa. Wanda ƙafafunsa suke gaba ba shi da wannan dama. Duk abin da taya ta taka, kai tsaye zai hau ta sirdi ya shiga ƙashin baya.

Ba duk kuruza ce take da wannan aibi ba. Wasu, irin su Rebel 500, an dawo da matakansu kusa da tsakiya. Saboda haka abin dubawa shi ne inda ƙafa take sauka, ko da wane suna aka kira baburin. Zaman da ya dace shi ne wanda diddige yake ƙarƙashin gwiwa ko ɗan baya kaɗan, gwiwar hannu ta ɗan lanƙwasa, kafaɗu a sake, jiki kuma ya ɗan karkata gaba daga ƙugu.

Jijjiga iri biyu

Mahayi yana shan jijjiga daga wurare biyu: daga hanya da kuma daga inji. Kowacce da inda take yi wa lahani.

Kowane abu yana da saurin kaɗawar da ya fi amsawa, kamar yadda lilo yake ƙara tashi idan ana tura shi daidai lokacin da ya dawo. Gangar jikin mutumin da yake zaune ta fi amsa jijjigar da take sama da ƙasa sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa guda. A wannan sauri, maimakon jiki ya rage ƙarfin bugu, sai ya ƙara shi. A ɗauki misalin hanyar burji mai kunya-kunya, wadda tazarar mita biyu take tsakanin tudu da tudu. Mai tafiyar kilomita 36 a sa'a yana cin mita 10 a daƙiƙa, wato yana taka tudu biyar kowace daƙiƙa. Ya faɗa ke nan tsakiyar saurin da ƙashin bayansa ya fi jin jiki. Binciken da aka daɗe ana yi a kan direbobin tarakta da manyan motoci ya nuna dangantaka tsakanin irin wannan jijjiga ta shekaru da ciwon kwankwaso, har Tarayyar Turai ta kafa doka a 2002 wadda ta iyakance yawan jijjigar da ma'aikaci zai sha a aikin sa'a takwas.

Abin da yake tsakanin hanya da mahayi shi ne taya da shakozoba. Gwargwadon nisan da shakozoba take iya nitsewa, gwargwadon bugun da za ta shanye. Domin a saukar da sirdi ƙasa, masu ƙera kuruza sukan gajarta shakozobar baya, galibi nitsewarta ba ta wuce santimita 10 ba, alhali ta baburan da aka yi don daji takan haura santimita 20. A kan lafiyayyar kwalta wannan ba matsala ba ce. Amma wanda zai sauka daga kwalta ya bi hanyar ƙauye da damina ta zaizaye zai gane bambancin tun kafin ya isa.

Jijjigar inji kuwa mai sauri ce, kuma hannu da tafin ƙafa ne suke karɓarta. Injin da yake juyawa sau 6,000 a minti yana kaɗa kan babur sau 100 a daƙiƙa. Irin wannan kaɗawa, idan ta daɗe, tana taɓa ƙananan hanyoyin jini da jijiyoyin ji na yatsu. A 1918 likita Alice Hamilton ta bayyana yadda yatsun masu sassaƙa dutse da injin iska a Jihar Indiyana ta Amurka suke yin fari su mutu, musamman lokacin sanyi. Abin da mahayin babur yake sha bai kai nasu ba, amma sagewar yatsu da jin kamar tururuwa na bin hannu bayan doguwar tafiya gargaɗi ne daga jijiyoyi.

A nan matsakaicin inji ya yi wa ƙarami fintinkau. Babur mai si-si 100 idan ya kai kilomita 80 a sa'a ya kusa ƙure ƙarfinsa, injin yana kuka, komai yana rawa. Mai si-si 250 yana yin wannan gudu cikin natsuwa, da sauran ƙarfi a ajiye don wuce babbar mota. Inji mai silinda biyu, ko mai silinda ɗaya da aka sa wa sandar daidaita jijjiga a ciki, ya fi laushi a hannu. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce duba madubi yayin tafiya: idan hoton da ke ciki ya dagule har ba a iya bambanta mota da babur, to abin da hannu yake sha ke nan.

Sirdi mai laushi ba shi ne mai daɗi ba

Mutumin da yake zaune, mafi yawan nauyinsa yana kan ƙasusuwa biyu ne da suke ƙasan ƙugu. Fata da tsokar da suke tsakanin ƙashi da sirdi suna samun jini ta ƙananan jijiyoyi waɗanda matsin jinin cikinsu kaɗan ne ƙwarai, don haka nauyin jiki yana iya toshe su. Zafi da raɗaɗin da ake ji bayan sa'a guda kira ne daga naman da jini ya yanke masa, yana neman a motsa.

Soso mai laushi sosai yana yaudarar mai saye a shago. Bayan rabin sa'a sai ya lotse gaba ɗaya, ƙasusuwan nan biyu su sauka a kan farantin ƙasa, soson kuma ya taru a tsakiya yana danne jijiyoyin da suke bi ta matsematsi. Abin nema shi ne sirdi mai ɗan tauri, mai faɗin da zai ɗauki ƙasusuwan biyu, kuma shimfiɗaɗɗe yadda mahayi zai iya gusawa gaba ko baya. Sirdin kuruza ya yi kyau ta fuskar faɗi, sai dai da yawa an yi su kamar akushi, suna kulle mutum wuri ɗaya. A kuma tuna da wanda za a goya. A wannan yanki babur abin hawan iyali ne, yawancin kuruza kuwa wurin zaman bayansu ɗan ƙarami ne, an ɗora shi daidai kan tayar baya inda bugu ya fi tsanani. Wannan bai dace da mai juna biyu ko mara lafiya ba.

Nauyi, tsayi da birki

Babbar fa'idar kuruza ita ce gajarta. Sirdin Rebel 500 santimita 69 ne daga ƙasa, don haka gajeren mutum ma zai dire ƙafafunsa biyu. Sai dai nauyinta ya kai wajen kilo 190, alhali ƙananan baburan da aka saba da su ba su wuce kilo ɗari da 'yan kai ba. A cikin yashi ko taɓo, ko wajen tsallaka rafi da damina, wannan nauyi yakan zama jidali. Cikinta ma yana kusa da ƙasa, ga shi kuma kudancin Jigawa ƙasar duwatsu ce, kamar yadda duwatsun Birnin Kudu masu zanen mutanen da suke shaidawa. Ƙa'idar ita ce kada mutum ya sayi baburin da ba zai iya tayarwa shi kaɗai ba idan ya faɗi a inda babu kowa.

Gudu da nauyi suna tafiya da buƙatar birki. Mai tafiyar kilomita 80 a sa'a yana cin mita 22 kowace daƙiƙa. Daga lokacin da ido ya ga akuya ta faɗo hanya zuwa lokacin da hannu ya kama birki, daƙiƙa ɗaya ko fiye ta wuce. Bayan haka, nisan da birki yake buƙata yana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninku biyu. Saboda haka matsakaicin babur ya kamata ya kasance da birkin faifai a gaba. Idan an sami mai na'urar ABS, wadda take hana taya ƙamewa ta zame, ya fi. Tarayyar Turai ta wajabta ta a kan sababbin baburan da suka haura si-si 125 daga 2016, Indiya ma ta bi sahu.

Iska, zafi da gajiya

Ƙarfin da iska take tura ƙirji da shi ma yana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninku biyu. Mahayin da ya kishingiɗa baya, hannuwa a buɗe, ya zama kamar zanen da aka shanya, sai tsokar wuya da ta damtse su yi ta aiki don riƙe shi. Ɗan karkata gaba yana sa iska ta tallafi jiki, ƙaramin gilashin gaba kuma yana rage wahalar ƙwarai. Ƙarar iska a kunne a babban gudu tana haura desibel 90, alhali ma'aunin da masana suka amince da shi don aikin sa'a takwas shi ne 85. Ƙwayoyin ji da suke can cikin kunne idan suka mutu ba sa sake tsirowa.

A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Zafin fatar mutum wajen digiri 33 zuwa 35 ne. Idan iska ta fi fata zafi, to ɗumama jiki take yi, sai dai abin da bushewar gumi ya rage. Mahayi yana iya zubar da lita guda ta gumi a sa'a ba tare da ya sani ba, domin iska tana busar da shi nan take. Rashin ruwan da ya kai kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, wato lita 1.3 ga mai kilo 65, ya isa ya rage kuzari da natsuwa. Fitsarin da ya yi ja alama ce ta cewa ƙoda tana tattalin ruwa. Riga mai dogon hannu ta fi tsirara hannu, da bazara saboda rana, da hunturu saboda sanyi da ƙura.

Ita kuwa gajiya ba ta sallama. A 1997 Drew Dawson da Kathryn Reid na Ostireliya suka nuna cewa mutumin da ya yi sa'a 17 bai yi barci ba, hankalinsa da saurin motsinsa suna raguwa kamar na wanda ya ɗan sha barasa. Agogon jiki kuma yana kawo kasala bayan azahar. Babur mai daɗin zama yana jinkirta gajiya, amma ba ya kawar da ita. Tsayawa bayan kowace sa'a ko sa'a ɗaya da rabi, a sha ruwa, a taka ƙasa na minti biyar, yana mayar da jini ga tsoka, ya kuma farkar da ƙwaƙwalwa. Tafiya sannu-sannu, in ji Hausawa, kwana nesa.

Kuɗin hular kwano yana cikin kuɗin babur. Wani babban nazari na ƙungiyar Cochrane a 2008, wanda ya tattara bincike masu yawa, ya nuna cewa hular tana rage haɗarin mutuwa da kimanin kashi 42 cikin 100, raunin kai kuma da kashi 69. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sanya ta daga 1 ga Janairun 2009. Hula mai gilashin fuska tana kuma kare ido daga ƙura da ƙwari, ta rage ƙarar iska.

Mai, bakanike da kayan gyara

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, shan mai ya zama abin lissafi ga kowa. Ƙaramin babur yana iya cin kusan ninki biyu na nisan da mai si-si 500 zai ci da lita ɗaya. Bugu da ƙari, babur ya fi amfani idan bakaniken Gwaram ya san cikinsa, mai faci yana da tayarsa, kuma ana samun fulogi da sarƙarsa ba sai an aika Kano ko Legas ba. Baburin da ya mutu a tsakanin Gwaram da Basirka da almuru, ba kayan gyara a kusa, duk laushin sirdinsa ya tashi a banza.

Kammalawa

Idan aka haɗa waɗannan bayanai, za a ga cewa amsar ta danganta da hanyar da mutum ya fi bi. Wanda zirga-zirgarsa a kan kwalta take, tsakanin Birnin Kudu da Dutse ko Kano, kuma galibi shi kaɗai, matsakaiciyar kuruza mai matakai a tsakiya da gilashin gaba za ta hutar da shi. Wanda kuwa rabin tafiyarsa kwalta ce rabi burji da yashi, yana goyo yana ɗaukar kaya, kamar yawancin ma'aikata da 'yan kasuwar ƙasar Gwaram, babur mai miƙaƙƙen zama, mai si-si 150 zuwa 250, da doguwar shakozoba da shimfiɗaɗɗen sirdi, shi ya fi dacewa da jikinsa da aljihunsa.

Kafin a biya kuɗi, mai saye ya hau ya dire ƙafafu biyu. Ya rufe ido ya miƙa hannu yadda ya fi masa daɗi, ya buɗe ya ga ko a nan kan baburin yake. Ya gwada tashi a kan matakai ba tare da jan kai ba. Idan zai yiwu, ya ari irinsa wurin wani ya yi tafiyar sa'a guda a kan hanyar da ya saba bi, sa'an nan ya saurari abin da kwankwaso da yatsu za su gaya masa washegari. Wanda kuma ya riga ya fara jin ciwon baya yana sauka ƙafa, ko sagewar hannu da ba ta wucewa bayan hutu, ya je asibiti tun da wuri. Ana sake babur bayan 'yan shekaru, amma gadon baya guda ɗaya aka ba kowa.